Rufin gilashi mai zamiya ko mai ɗagawa: wanne ya dace da jirgin RV-7A da kake harhaɗawa?

Malam, ka ce ka kammala wutsiya da fukafukan jirginka ƙirar RV-7A a garejin gidanka da ke jihar Texas, kuma takardar odar gangar jikin ta tsaya a hannunka saboda tambaya guda, wato ko ka zaɓi rufin gilashin ɗakin matuƙi da ake zamewa da shi baya, ko wanda ake ɗagawa sama a kan hinji. Ka ƙara da cewa mai ɗakinka za ta riƙa raka ka a yawancin tafiye-tafiye, kuma jirgin zai riƙa kwana a fili idan kun yi nisa da gida. Ka yi daidai da ka dakata a nan, domin kamfanin Van's Aircraft yana neman wannan amsa tun lokacin odar gangar jiki, duk da cewa shi gilashin kansa sai a kashi na ƙarshe na kayan yake zuwa. Mazaunin ƙarfen kariya da ke kare mazauna idan jirgi ya kife, da fatar alminiyon da ke gaban matuƙi, da haƙarƙarin da ke riƙe allon na'urori, duk sun bambanta tsakanin ƙirar biyu, kuma wanda ya sauya ra'ayi bayan ya buga ribit, wato ƙusoshin da ke haɗa fatar alminiyon, zai sayi sassa sau biyu, ya kuma warware aikin makonni.

Wannan muhawara ta daɗe a tsakanin masu harhaɗa jiragen wannan kamfani da Richard VanGrunsven ya kafa a jihar Oregon a farkon shekarun 1970. Jirgin RV-4, wanda fasinja ke zama bayan matuƙi, rufinsa yana buɗewa ne ta gefe a kan hinji, shi kuwa RV-8 mai irin wannan zama rufinsa mai zamiya ne kawai. RV-6, wanda ya fito a 1986 da kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, ya fara ne da rufi mai ɗagawa, daga baya aka ƙara zaɓin mai zamiya, kuma RV-7 da ya gaje shi a 2001 ya gaji zaɓin biyu, haka ma RV-9. Ga mu 'yan arewa wannan zuriyar jirage ba baƙuwa ba ce, domin jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don Rundunar Sojan Sama ta Najeriya daga RV-6A aka samo shi, wato ke nan yayan naka ne.

A ƙirar mai zamiya gilashin gaba a kafe yake ba ya motsi, kuma yana jingine da wani bututun ƙarfe mai siffar baka da ke gaban fuskar matuƙi, wanda shi ne ƙarfen kariya idan jirgi ya kife. Wani gajeren bututu yana tokare wannan baka daga tsakiya zuwa gaba. Sauran rufin yana ɗaure a kan firam na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, yana tafiya a kan ƙananan tayoyi cikin dogo biyu da ke gefen ɗakin matuƙi, da kuma dogo na uku a tsakiyar bayan jirgin. A ƙirar mai ɗagawa kuwa gilashin gaba da na sama abu ɗaya ne, babu abin da ya raba su, kuma dukkansa tare da wani yanki na fatar alminiyon da ke saman na'urori yana tashi sama a kan hinji biyu da ke gaba, sanduna biyu masu gas irin na but ɗin mota suna riƙe da shi. Ƙarfen kariyarsa na alminiyon ne da kai za ka haɗa da ribit, yana bayan kawunan mazauna, sannan akwai ƙaramar taga kafaffiya a bayansa da ta rufe wurin kaya.

Daga wannan bambancin ƙira sauran bambance-bambancen suka samo asali, kuma na farko da ido ke kamawa shi ne gani. Wanda ya zauna ƙarƙashin rufi mai ɗagawa babu ƙarfe ko ɗaya tsakaninsa da sararin sama daga kafaɗar hagu zuwa ta dama, kuma wannan ya wuce daɗin kallo kawai, domin jirgin da ke tahowa kai tsaye wurinka ba ya motsi a gilashi, yana tsaye ne wuri ɗaya yana girma, don haka ƙarfe mai kaurin yatsu biyu yana iya ɓoye shi har ya matso. Matuƙin da ke ƙarƙashin mai zamiya dole ya saba da motsa kansa yana leƙa bayan bakan, musamman a kusa da filin sauka inda jirage ke taruwa. Yawancinsu sukan ce bayan 'yan sa'o'i ido yakan daina ganin ƙarfen, kuma na yarda da su, sai dai mantawar ido ba ta hana ƙarfen rufe abin da yake rufewa. A wannan fanni mai ɗagawa ne a gaba, kuma ban ga dalilin musun hakan ba.

A ƙasa kuwa labarin yakan juya gaba ɗaya, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, tunda a Texas kake. A watannin Yuli da Agusta zafin can yakan haura digiri 38 a ma'aunin Salshiyos, kuma kwanon gilashi da rana ke duka daga sama ɗakin gashi ne, duk wanda ya taɓa shiga motar da ta wuni a rana a Sakkwato cikin watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Da rufi mai zamiya za ka tayar da inji, ka yi tafiyarka a ƙasa har bakin titin tashi da rufin a buɗe gaba ɗaya, iskar farfela tana ratsa ɗakin, gilashin gaba kuma yana tare maka ƙura da tsakuwa, sai an ba ka izinin tashi sannan ka ja shi ka kulle. Da ka sauka ka rage gudu, ka sake tura shi baya. Rufi mai ɗagawa ba ya ba ka wannan dama, domin ba a tafiya da shi a miƙe inji yana aiki. Iyakar abin da za ka yi shi ne ka ɗan ɗaga shi kamar faɗin tafin hannu ka tokare, iska kaɗan ta shigo ta gefe. Idan akwai jirage huɗu ko biyar a gabanka suna jiran tashi, mintuna goma sha biyar a haka sun isa su jiƙa rigar mutum, kuma fasinjar da ta sha irin wannan wahala sau biyu ko uku ba lalle ta yi marmarin tafiya ta gaba ba. Ina ɗaukar wannan da muhimmanci, domin jirage da yawa da aka gina don mutum biyu sun ƙare suna tashi da mutum ɗaya saboda ƙananan abubuwa irin wannan.

Akwai kuma iska da ruwan sama. Rufi mai ɗagawa idan yana buɗe tamkar tanti ne da aka kafa a tsaye, kuma guguwa ɗaya daga baya, ko iskar farfelar jirgin da ya juya kusa da kai, tana iya wuce da shi iyakarsa ta lanƙwasa hinji ko ta tsaga gilashin. Mai irin wannan jirgi yakan koyi ajiye shi yana fuskantar iska, kuma ba ya barinsa a buɗe ya juya baya. Matsalar ruwa ta fi wannan damuna. Tsagar da ke tsakanin rufin da gangar jiki tana daidai saman rediyo da kwamfutocin jirgin, kuma idan ka ɗaga rufin da ya jiƙe da ruwan dare ko raɓa, ruwan yakan gangaro gaba ya zuba ta wannan tsaga kan kayan da suka fi komai tsada a jirgin bayan inji. Ana magance wannan da robar toshe tsaga, da ɗan magudanar ruwa na faibagilas, da mayafin da ba ya shan ruwa a saman na'urorin, da kuma rigar rufi idan jirgi zai kwana a waje, amma aiki ne da ke buƙatar kulawa har abada. Mai zamiya gabansa a liƙe yake, ruwa ba ya samun hanya ta can. Idan ka buɗe shi cikin ruwa kujeru ne za su jiƙe, kuma kujera tana bushewa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wannan liƙaƙƙen gaba da ke kare na'urori daga ruwa shi ne kuma yake kulle su daga hannun mai gyara. A jirgi mai rufin ɗagawa, da ka buɗe rufin za ka ga bayan allon na'urori daga sama, kana tsaye a gefen jirgi ka cire filogi, ka bi waya, ka sauya abin da ya lalace, ko da yake abin da ke can gaba kusa da bangon inji yana nan a ɓoye. A mai zamiya kuwa hanyar ita ce ka cire kujera, ka kwanta rigingine a ƙasan ɗakin, kai ƙarƙashin allo, ƙafafu a sama wajen wurin kaya, sandar tuƙi tana tokarinka a haƙarƙari, kana aiki da tocila a baki. Ɗakin RV-7 faɗinsa inci 43 ne, kimanin santimita 109, kuma mutum mai jiki ko mai ciwon baya zai ji a jikinsa. Abin da ya rage nauyin wannan hujja a yau shi ne na'urorin zamani manyan allunan kwamfuta ne masu faɗin inci goma, waɗanda idan ka kwance sukurori kaɗan ka zaro ɗaya, ka sami taga babba da hannu biyu za su shiga. Masu gini da yawa kuma sukan yanka ƙofofin dubawa biyu a fatar da ke gaban gilashin, su rufe su da murfi mai sukurori da abin toshe ruwa. Wanda ya tsara wayoyinsa tun farko da wannan tunani, ya bar musu tsawon da za a iya jawo su waje, ya rage kwanciyar rigingine ƙwarai.

Ta fuskar sanyi da ƙara, mai zamiya yakan sha wahalar toshewa ta baya. Siket ɗin da ke rufe tsakanin gilashi da bayan jirgi, ko na alminiyon ne ko na faibagilas, da wuya ya kwanta lif, kuma a gudun da ya kai kilomita 300 cikin awa iska takan shigo ta nan ta bugi ƙeya. A Texas wannan ƙaramin abu ne, amma ga mai tashi a Kanada ko arewacin Turai cikin hunturu babban abu ne. Wurin kaya, wanda ke ɗaukar fam 100, kimanin kilo 45, ba shi da daɗin shiga a ƙirar biyu: a ɗaya rufin da aka zame baya yana zaune a kansa, a ɗaya kuma ƙarfen kariya da tagar baya sun tsare shi, kuma a duka biyun sai an kwantar da bayan kujera. Wasu masu mai zamiya sukan tsawaita dogon don rufin ya ƙara ja da baya. Wajen shiga da fita mai zamiya yana ba mutum abin kamawa a gabansa, musamman idan an sa hannaye a jikin bakan, amma sai ka riƙa gargaɗin fasinja kada ya kama leɓen faibagilas da ke bakin gilashin gaba, domin ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba.

Yanzu ga maganar tsira da rai, wadda a cikinta ake yawan faɗin abin da ba haka yake ba. Za ka ji masu cewa mai zamiya ya fi sauƙin fita idan jirgi ya kife, wasu kuma su ce ƙarfen kariyar da ke bayan kai ya fi kare wuya. Jirgin da ya kife a bayansa yana kwance ne a kan rufinsa da kan wutsiyarsa, kuma a wannan hali babu rufin da zai buɗu, ko mai zamiya ko mai ɗagawa, domin nauyin jirgin yana kansa. Hanyar fita ita ce fasa gilashin a rarrafo ta gefe, shi ya sa ya wajaba a ɗaure abin fasa gilashi a wurin da hannu zai kai ko da mutum yana rataye da bel kansa a ƙasa. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin jiragen wannan zuriya masu tayar gaba, irin naka RV-7A, sun sha kifewa a filayen ciyawa masu laushi idan tayar ta nutse, har kamfanin ya fitar da sanarwar gyaran ƙafar gaba a 2007. Saboda haka kada ka bar batun kifewa ya yanke maka hukunci tsakanin rufin biyu.

Inda bambancin gaske yake shi ne ranar da matuƙi ya manta kulle rufi ya tashi. Iskar da ke bi ta saman kumburin gilashi tana tsotsarsa sama kamar yadda take yi wa fiffike. Rufi mai hinji a gaba idan ba a kulle ba bayansa yakan ɗaga da zarar jirgi ya ɗauki gudu, ya tsaya yana lilo a buɗe, ƙara ta cika ɗaki, takardu su tashi, hancin jirgi ya nemi sunkuyawa, kuma ƙarfin mutum ɗaya ba ya isa ya jawo shi ya kulle a wannan gudu. Jirgin RV yakan ci gaba da tashi a haka, abin da ke kashe mutane shi ne sakin tuƙi a kama kokawa da rufi alhali ƙasa tana kusa. A wasu jiragen ma, irin su Lancair Legacy mai rufin hinji a gaba, buɗewar rufin kanta tana dagula tuƙi, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Mai zamiya da aka manta kullewa tayoyinsa suna cikin dogo, ba shi da hanyar ɗagawa sama, kuma gilashin gaba yana nan yana kare fuska. Kowanne ka zaɓa, ka sa ƙaramin makunni a jikin sakatar da zai kunna jar fitila ko ya yi magana a kunnenka idan ka ƙara wuta rufi bai kulle ba, ka kuma sa kulle rufi a jerin abubuwan da kake dubawa a bakin titi, ka taɓa shi da hannu, kada ka wadatu da kallo. Idan duk da haka ya buɗe, ka riƙe tuƙi, ka zagayo ka sauka.

Idan kana da niyyar wasan juyi a sama, ka sani dokar Amurka tana wajabta laimar sauka ga kowa a jirgi idan akwai fasinja kuma za a karkata fiye da digiri 60 ko a ɗaga hanci ko a sunkuyar da shi fiye da digiri 30, kuma laima ba ta da amfani ga wanda ba zai iya fita ba. Zanen mai ɗagawa yana da hannun da ke zare ƙusoshin hinji don a yar da rufin, ko da yake da yawa sukan bar shi saboda yana cin wuri a tsakiyar allo. Masu mai zamiya kuma sukan maye gurbin kusoshin tayoyin gaba da fil mai zobe da ake fizgewa.

Game da wahalar gini, ban yarda da masu cewa ɗaya mai sauƙi ne ba. Dukansu daga kumburin gilashi guda suke farawa, wanda za ka raba biyu da faifan yanka, kuma wannan yanka ita ce ranar da masu gini suka fi jin tsoro. Gilashin roba ne na akirilik, yana tsagewa idan yana da sanyi ko idan bakinsa yana da kaushi, don haka ana aikinsa ne a ɗaki mai ɗumi, a goge kowane baki ya yi santsi kafin a motsa shi, a kuma huda shi da bakin diril na musamman wanda ba ya cafkar roba. A nan zafin Texas abokinka ne. Akirilik yana buɗewa da zafi kusan ninki uku na alminiyon, kusan ninki shida na ƙarfe. Gilashi mai tsawon mita ɗaya da rabi zai ƙaru da kimanin milimita huɗu idan zafi ya sauya da digiri 40, alhali firam ɗin ƙarfe da ke riƙe da shi bai kai milimita ɗaya ba. Jirgin da ya gasu a filin ajiya sannan ya hau sama inda iska ke da sanyi yana ratsa irin wannan sauyi cikin rabin awa. Wannan ne dalilin faɗaɗa ramukan sukurori fiye da kaurinsu da kuma rashin ɗaure su tamau, kuma shi ya sa da yawa suka koma liƙa gilashin da gam mai taushi irin Sikaflex 295 UV ba tare da huda ko ɗaya ba. Ga mai zamiya, wanda firam ɗinsa ƙarfe ne, ina ganin liƙawar ta fi dacewa.

Bayan yanka, wahalar mai zamiya tana cikin lanƙwasa firam ɗin ƙarfe kaɗan-kaɗan har ya bi siffar jirgi, da sanin cewa gilashin zai buɗa shi idan an ɗora, sannan siket ɗin baya, sannan shimfiɗa faibagilas a gindin gilashin gaba da gogewa na kwanaki. Wahalar mai ɗagawa tana cikin daidaita leɓen gaba don kada ya kama fatar jirgi yayin buɗewa, da kuma yadda sandunan gas ke tura firam ɗin gaba su ɓata daidaiton da ka sha wuya ka samu, har sai an sa abin tokarewa. Shi ma yana da nasa faibagilas a gindin gilashi. Bambancin nauyi da na gudu tsakanin su bai kai abin da za a gina hukunci a kai ba.

Za ka iya cewa ai kamfanin da kansa ya nuna inda ya karkata, tunda RV-12 da RV-14, waɗanda suka zo bayan naka, rufi mai ɗagawa kaɗai suke da shi. Gaskiya ne, amma waɗannan an zana rufinsu daga baya, da sassan da suka zo a shirye fiye da na RV-7, don haka sauƙin da masu gina su ke yabawa ba lalle ya same ka ba.

Da ni ne a matsayinka, da mai zamiya zan rubuta a takardar. Zafin wurin da kake, da fasinjar da kake so ta ci gaba da raka ka, da kwanan jirgi a fili inda ruwa zai same shi, da kuma halinsa ranar da aka yi mantuwa, duk sun taru a gefe ɗaya, kuma babban aibinsa, wato wuyar kaiwa bayan allo, abu ne da za ka rage tun yanzu da ƙofofin dubawa da tsarin wayoyi mai kyau. Da a ce kana zaune a Oregon ko Ingila, jirginka yana kwana a rumfa, kai kaɗai kake tashi, kuma kai mai yawan sauya na'urori ne, da mai ɗagawa zan ce maka ba tare da jinkiri ba. Kafin ka aika odar, ka nemi reshen ƙungiyar EAA, ta masu harhaɗa jirage da hannunsu, mafi kusa da kai, domin a Texas da wuya a rasa masu RV iri biyun a fili ɗaya, ka roƙi su bar ku kai da mai ɗakinka ku zauna a kowanne da tsakar rana, a rufe rufin na minti biyar, sannan kai kuma ka gwada kwanciya ƙarƙashin allon mai zamiya ka ga ko bayanka zai ɗauka.